Yadda nake ɗaure amfilifaya mai bawul kafin ta shiga mota a Bauchi

Duk wanda ya kawo min amfilifayar jita mai bawul, wato na'urar ƙara sautin jita, ya ce zai aika ta Jos ko Gombe ko Yola, hankalinsa a kan gilas yake. Zai leƙa bayanta, ya nuna kwalaben nan da ke yin ja in sun ɗau zafi, su ne bawul ɗin, ya ce, "Oga, waɗannan ba za su fashe a hanya ba?" Suna fashewa, ban musa ba. Amma cikin waɗanda suka iso teburina da raunin tafiya, masu fasasshen gilas su ne 'yan kaɗan. Galibi nauyinta ne ke ji mata ciwo, sai kuma tarkacen da aka bari suna yawo a cikinta.

Sana'ata gyaran kayan sauti ce a nan Bauchi. Abin da ke ciyar da ni shi ne amfilifayar masallaci, kayan masu kiɗan biki da lasifikokin coci, kuma duk waɗannan masu taranzisto ne, ko wurga su aka yi a but ba sa cika fushi. Mai bawul jefi-jefi take zuwa, yawanci daga hannun samarin da ke kaɗa jita a majami'un Yelwa, ko wanda ya taso daga Tafawa Balewa ko Bogoro, wani lokacin har daga Billiri da Kaltungo. Maigidana da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, da rediyo mai bawul ya fara, don haka hannuna ya saba da su tun ina yaron shago. In na gama gyara, sau da yawa mai ita ba ya iya dawowa da kansa, sai ya ce a ba direba. Daga nan ne ɗaurin kaya ya zama rabin aikina.

Abin da ya sa nake ɗaukar lamarin da zafi shi ne, in wani abu ya lalace ba za ka shiga kasuwar Wunti ka sayo shi ba. Masana'antun da ke ƙera bawul ɗin jita a duniya yanzu ba su da yawa: akwai JJ a Silobakiya, akwai ta garin Saratov a Rasha mai yin bawul masu suna Sovtek da Electro-Harmonix, sai wasu a ƙasar Sin. A 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, kayan suka yi wuya, farashi ya tashi, ga kuma dala ta zo ta yi mana nata. Taransifomar sauti kuwa, in ta mutu, ko dai a yi odarta daga waje a zauna jira, ko a kai wa mai naɗa waya, kuma ba kowane mai naɗin injin fanka ne zai maido mata da muryarta ba.

Sai ka san abin da ke cikin akwatin kafin ka san yadda za ka kare shi. Ɗauki ƙirar kamfanin Fender: Blues Junior, wadda ta fi zuwa hannuna, wat 15 kacal take bayarwa amma nauyinta ya kai kilo 14. Hot Rod Deluxe mai wat 40 tana wajen kilo 20. Twin Reverb kuwa, mai wat 85 da lasifika 2, ta doshi kilo 30. Ba katako ne kaɗai ya kawo wannan nauyin ba. Akwai taransifomar wuta, akwai ta sauti, dukansu dunƙulen ƙarfe ne da wayar tagulla, ga maganaɗisun lasifika. A waɗannan Fender ɗin, farantin ƙarfen da ke ɗauke da kayan wuta a sama yake rataye, bawul suna kallon ƙasa. To ka ɗauka mota ta faɗa rami da gudu. Akwatin katako ya bugi ƙasan but ya tsaya cak, amma taransifoma ba ta san an tsaya ba, tana nan tana tafiya da duk nauyinta, kuma abin da ke riƙe da ita 'yan kusoshi ne a jikin faranti marar kauri. Ko ƙafarta ta lanƙwashe, ko faranti ya lotsa, ko allon kayan wuta ya tsage, ko dalma ta saki a inda ido ba ya gani. Wannan na ƙarshen shi ne mafi ban haushi, domin za ta iso tana aiki, bayan mako biyu ta fara ƙara tana ɗaukewa a tsakiyar sujada.

Akwai wata Hot Rod tokumbo da aka aiko wa wani yaro daga Legas. A keke ya kawo min ita, ko buɗewa bai yi ba, bakinsa har kunne. An yi wa kwalin rubutun gargaɗi da jan maka ta kowane gefe. Mai sayarwar ya yi ƙoƙari a kan gilas: ya zare bawul duka 5, ya naɗe su da tsumma, ko ɗaya bai tsage ba. Amma da na ɗaga akwatin sai na ji wani abu ya yi ƙwal a ciki. Matakin ƙafar nan na ƙarfe da ake canja sauti da shi ne, ya cusa shi a bayan akwatin tare da wayarsa, yadda kowane makaɗi ke yi in zai tafi wasa. Tun daga Legas abin nan yake tsalle. Bakin wayar mai tsini ya shiga ta tagar kwandon lasifika ya yage takardarta kusan tsawon ɗan yatsa. Da na haska tocila sama, ƙafar taransifoma ɗaya ta buɗe, ana ganin giɓi tsakaninta da faranti. A ƙasan kwalin kuma babu komai sai jarida da aka cukuikuye, ta riga ta kwanta lamɓas.

Yaron ya tsaya yana kallo, ya ce, "Baba, amma fa an rubuta a jiki."

Na ce masa, "Ɗana, rami ba ya karatu."

Ba a fafe gora ranar tafiya. In mota za ta tashi gobe da safe, yau nake ɗauri, kwali da soso kuwa tun kafin nan na tanade su. Abu na farko, ina kunna ta in sa a kaɗa jita, in ɗauki bidiyo da waya, in zagaya da kyamara a ga kowane kusurwa da kowane tabo, in tura wa mai karɓa ta WhatsApp. Gani ya kori ji, kuma in rigima ta taso daga baya kowa ya san yadda ta bar hannuna.

Sannan in kashe, in zare fulogi, in bar ta ta huce kamar rabin awa. Ga gargaɗin da ba na wasa da shi: kada ka buɗe farantin ka sa hannu a ciki. Manyan kafasito, wato ma'ajiyan wutar da ke ciki, suna riƙe wuta ko da an cire fulogi, kuma a irin waɗannan na'urori wutar tana kaiwa bolt 300 zuwa 450, wani lokaci fiye. A Blues Junior da Hot Rod, allon baya na sama shi ne murfin kayan wutar, don haka ka bar shi a rufe, ka miƙo hannu ta ƙasa. Duk abin da zan faɗa a nan daga waje ake yinsa.

Zare bawul iri biyu ne. Manya irin 6L6 da EL34 suna da gindi na baƙar roba mai tauri, da wani ɗan sanda a tsakiyar ƙafafun mai tudu a gefe guda, shi ne ke hana a sa su a karkace. Gindin ake kamawa, ba gilashin ba, domin in ya tsufa gam ɗin da ya haɗa su yana saki, sai ka ga gilas yana juyawa gindi yana tsaye. A Fender akwai wani ƙarfe mai haƙora da ke cije gindin don kada bawul ya zame ƙasa. Sai ka danne fikafikansa biyu da yatsun hannu ɗaya, ka ja da ɗayan kana ɗan karkaɗawa kaɗan-kaɗan. In ka yi gaggawa ka karkata da yawa, ɗan sandan tsakiyar nan ne zai karye ya maƙale a soket. Ƙanana irin 12AX7, har da EL84 duk da cewa shi na ƙarfi ne, ba su da gindi. Ƙafafu 9 ne sirara suka fito kai tsaye daga gilas, da giɓi a wuri ɗaya. Waɗannan a miƙe ake jan su. In ƙafa ta lanƙwashe ka ce za ka miƙe ta da filaya da ƙarfi, gilashin ne zai tsage daga tushe.

Kowane na zare, sai na ba shi lamba kafin in taɓa na gaba. Ina tsayawa a bayan amfilifayar, in ƙirga daga dama zuwa hagu, in zana jerin soket ɗin a takarda. Wani zai ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Twin Reverb tana da bawul 10: 6L6 guda 4, 12AX7 guda 4, 12AT7 guda 2. In ka ajiye 12AX7 da 12AT7 gefe da gefe, wanda bai saba ba ba zai bambanta su ba sai da rubutun jiki, rubutun kuma a tsofaffi da ɗan yatsa ma yana gogewa. Ƙarfin ƙara sautinsu ya sha bamban, in aka musanya ba za ta ƙone ba, amma ba za ta yi muryar da mai ita ya sani ba. Manyan kuma a haɗe ake sayen su, waɗanda aka gwada jan wutarsu ya yi daidai, aka saita amfilifayar a kansu. Lambar a jikin abin da na naɗe shi da shi nake rubutawa, ba na manna salatif a kan rubutun gilas, don ranar ɓarewa tare za su tafi.

Masu wannan aiki ba su haɗu a kan magana ɗaya ba game da ko dole ne a zare duka. Kamfanoni da bawul a jiki suke aiko da sababbi, wannan gaskiya ne, amma su da soson da aka zuba daidai jikinta suke ɗauri, kuma soket ɗin sabo ne yana riƙo gam. Ni a hanyoyinmu manya duka nake zarewa, ba tattaunawa. Ƙananan da ke da hular alminiyon mai sifirin a ciki, wadda ake murɗawa ta kulle, ina barin su in na ji sun zauna daram, musamman in na san mai karɓa bai taɓa sa bawul da hannunsa ba. Ƙafar da zai lanƙwasa wajen mayarwa ta fi hanyar Alkaleri ba ni tsoro.

Ƙafafun ƙananan ina soka su a guntun farin soso don kada su lanƙwashe. Kowane in naɗe shi da ledar nan mai ƙurajen iska, in babu ita tsohuwar safa mai kauri ta wadatar, sannan in jera su a robar abinci mai murfi, in cike giɓin da tsumma har in na kaɗa ban ji motsi ba. Wasu suna ba direba wannan robar daban, wai ya ajiye a gabansa. Ban yarda da hakan ba. Saƙo biyu a tasha, ɗaya zai iso yau, ɗayan ya wuce Numan. Cikin akwatin amfilifayar nake sa ta, a gefe, bayan na rufe bayan lasifika da kwali mai kauri, in tokare ta da soso ta kowane ɓangare har sai da ƙarfi za a zaro ta.

A ƙasan akwatin akwai wani dogon tire na ƙarfe, galibi cikin baƙar jaka, da sifirin 2 ko 3 a miƙe a cikinsa. Shi ne ke ba da amsa-kuwwar nan da 'yan coci ke so. In ka taɓa tuntuɓe da amfilifaya tana kunne ka ji ta yi tsawa, su ne suka kaɗu. Ƙugiyoyin da ke riƙe da su sirara ne ƙwarai. In tafiyar mai nisa ce ina fito da tiren, in zura siririn soso mai laushi a ƙarƙashin sifirin don ya hana su lilo, in mayar. Sai dai dole a gaya wa mai karɓa ya cire, in ba haka ba zai bugo waya ya ce ka kashe masa amsa-kuwwa. In ta Jos ce ko Gombe, kuma za ta zauna a kujerar mota, duba kusoshinsa kawai nake yi in bar shi.

Daga nan in bi kusoshi da sukundireba: na faranti, na mariƙi, na allon baya, da notunan lasifika. Na lasifikar a ji sun kama kawai, in aka matse su da yawa kwandon yana murɗewa. In akwai tayoyi a cire su. Matakin ƙafa, wayar jita, takardu, duk wani abu da ba a ɗaure yake ba, ya fita daga cikin akwatin. Maganaɗisun lasifika yana jan duk ƙaramin ƙarfe, na sha tsintar kusa da makulli manne a jikinsa. Wayar wuta in ba mai cirewa ba ce, in naɗe ta, in lulluɓe haƙoran fulogin da kwali, in ɗaure ta a jikin katako. In akwai fili tsakanin taransifoma da katako ina cusa soso mai tauri ya tallafe ta. A gaba in yanka kwali ninki biyu ko siririn falawud daidai fuskar yadin lasifika, wani kuma a kan layin maɓallan murɗawa, da soso a gefe don kada nauyi ya sauka a kansu. Sandunan maɓallan nan da bakin da ake soka wayar jita a kan allo aka yi musu dalma a sababbin amfilifayoyi, bugu ɗaya a kansu yana shiga har ciki. Sannan in zura ta duka a babbar leda in ɗaure. Salatif ba ya taɓa fatar akwatin, yana barin danƙo, a tsofaffi ma yana ɗago ta.

Yanzu maganar soso, inda aka fi yin asara. Soson katifa kowa ke fara kawo min, don yana da laushi. Laushin ne matsalar. Ɗora kilo 20 a kan soso mai araha, zai lotsa har ƙasa tun mota ba ta bar tasha ba, lokacin da za a buga kwalin kuma babu sauran abin da zai lotsa. Gwajina mai sauƙi ne: in aza guntun a ƙasa in danna da tafin hannu iya ƙarfina. In na ji siminti, wannan ba na kusurwa ba ne, sai dai cike giɓi. Farin soson nan mai tauri da ke zuwa a kwalin firji da talabijin ya fi shi, amma bugu ɗaya yake karɓa ya tsage, na biyu ya wuce kai tsaye, ga shi yana zubar da ƙwayoyi masu shiga ko'ina, dalilin ledar da na ambata ke nan. Wanda na fi so shi ne mai ɗan kama da roba, wanda ke zuwa da kwamfuta ko firinta, in ka danna ya dawo. Duk inda na gan shi a bola ko a bayan shagon masu kwamfuta ɗauka nake yi, yaran shago har dariya suke min. In ban samu isasshe ba sai in haɗa: mai tauri a kusurwoyi 8, soson katifa mai nauyi a tsakani. Kauri kada ya gaza santimita 5 ta kowane gefe, wato faɗin yatsu uku, ƙasa kuma ya fi haka. Jarida, ɓawon gyaɗa, garin katako, tsummokara, duk na ga an gwada. Motsi kaɗan suke matsawa gefe su bar kusurwa tana cin kwali.

Kwali kuwa na janareta nake nema, domin don nauyi aka yi shi. Ka duba bakin yankan, in ka ga layi biyu na lanƙwasa a ciki to shi ne. Masu sayar da kayan wuta a kewayen Wunti suna ajiye min in na yi magana da wuri. Ba dole ya zo daidai ba: a ja layi da bayan wuƙa, a lanƙwasa, a rage shi ya kama. Kwalin da ya yi yawa ya fi wanda ya matse haɗari. Kwali biyu nake yi, na ciki ya rungume ta da soso, na waje ya fi shi da santimita 5 ta ko'ina, shi ma da soso a tsakani. Salatif mai faɗi a bi tsakiya da gefuna, sama da ƙasa. In na rufe sai in girgiza, in kifa ta gefe, in saurara. In na ji wani abu ya motsa, buɗewa zan yi. Twin Reverb ko tafiyar Legas kafinta nake kira ya buga akwatin falawud, amma shi ma da soso a ciki, katako zalla duk bugun da ya sha miƙa wa amfilifayar yake yi.

Akwai abin da mutane ke mantawa: wanda zai ɗauka. Kwali mai kilo 25, sumul, babu inda za a kama, ɗan dako ba zai rungume shi ba, mirgina shi zai yi, kusurwa bayan kusurwa, kuma ban ga laifinsa ba. Saboda haka ina zagaye kwalin da igiya mai kauri, biyu ta tsawo biyu ta faɗi, da guntun kwali a ƙarƙashinta a kan gefuna don kada ta yanka, in yi madauki biyu a sama inda mutum biyu za su kama. Wasu suna huda saman kwalin su fito da mariƙin amfilifayar kanta. Ba na yi. Ruwa da ƙura ta nan za su shiga, kuma tsohon mariƙi da aka fizga da ƙarfi yana tsinkewa a daidai lokacin da kayan ke sama. Da damina ina ƙara leda a waje kafin igiya. Rubutu kuma ina yi, da Hausa da Turanci, da kibiya mai nuna sama a duk gefe huɗu, da lambar mai karɓa. Bai hana komai ba, amma yana ba ni abin nunawa in ana gardama.

Tasha ita ce sauran aikin, kuma a nan ne nake ganin mutum ya yi ɗauri mai kyau ya zo ya zubar. Ka tsaya ka kalli yadda ake loda Sharon ko Homa. Mai lodi yana neman abu mai ƙwari, mai kusurwa huɗu, ya fara ajiyewa a ƙasa, sannan buhun masara, jarkar manja, akwatin fasinja su hau kai, a ja ƙofar but da igiya a ɗaure. Iya kyan ɗaurinka, iya yadda kwalinka zai yi masa kama da tushe. Ga shi but a bayan tayar baya yake, inda duk rami da duk tudun rage gudu ya fi dukan kaya. Daga Bauchi zuwa Jos kusan kilomita 130 ne, ta Nabordo da Toro, zuwa Gombe kuma 150 da 'yan kai. Ba nisa ba ne, amma kowane ƙauye da tudunsa, kuma direban da ke son ya juyo a ranar ba ya taka birki don kwali.

Don haka ni kujera nake saya mata. Da sassafe nake zuwa kafin mota ta cika, in gaisa da 'yan kamasho, in nemi direban da kansa.

"Ranka ya daɗe, wannan ba kayan but ba ne, fasinja ne. Nawa kujera?"

"Haba Malam, kwali ne fa. Kawo rabi in sa maka shi a baya, ba abin da zai same shi da yardar Allah."

"Da yardar Allah. Amma kujerar nake so, ta layin tsakiya jikin taga, a tsaye yadda kibiya ta nuna."

Zai yi dariya, ya kira abokinsa ya zo ya ga kwali mai tikiti, amma zai karɓa, don kuɗinsa bai ragu ba, fasinjan kuma ba ya cewa a tsaya fitsari. In ɗaure ta da igiya a jikin kujera, in ba mai lodi na goro, in tsaya har mota ta tashi. Wannan tsayuwar tana da muhimmanci, domin in ka juya baya aka samu fasinja na ƙarshe yana roƙo, ka san wanda za a tayar. Ina karɓar lambar direba, in ɗauki hoton lambar mota da na kwalin a inda yake zaune, in tura wa mai karɓa ya je ya jira tun kafin su iso. Motar da za ta kai kai tsaye nake nema. Saƙon Yola da za a sauke a Gombe a canja masa mota ya shiga hannun mutumin da ban yi magana da shi ba. Saman mota kuwa, a kan kariya, ko kyauta ne ban so. Mai amfilifayar wani lokaci yana ƙorafin kuɗin kujera, sai in gaya masa farashin 6L6 guda biyu a yau, shiru yake yi.

A saman kwalin ciki, inda zai fara gani in ya buɗe, ina ajiye takarda da rubutun hannu da zanen soket ɗin. Ya duba kowane bawul a haske kafin ya sa: akwai wani shafe mai ƙyalli irin na madubi a cikin gilashin, in ya ga ya koma fari fat to iska ta shiga, wannan ya mutu, kada ya sa shi. Ya daidaita giɓin ƙafafun ƙananan da giɓin soket, ɗan sandan manyan da gurbinsa, ya tura a hankali. Ya cire duk soson da na cusa, har da na sifirin, domin wurin yana zafi sosai in tana aiki. Ya tabbata wayar lasifika tana soke a bakinta kafin ya kunna, saboda amfilifaya mai bawul in aka kaɗa ta babu lasifika taransifomar sauti ce ke ƙonewa, kuma wannan wayar tana iya zamewa a hanya ko a wajen cire soso. In kwalin ya sha ruwa ya bar ta a buɗe ta kwana ta bushe.

Sai maganar wuta. Tamu bolt 230 ce, amma da yawa daga cikin tokumbon nan daga Amurka suka fito, na bolt 120 ne, sai da taransifomar rage wuta ake kunna su. Mai ita ya sani, amma ba lallai shi ne zai buɗe kwalin ba. Ƙaninsa ne, ko wani ɗan kwaya mai zumuɗi, zai ga fulogi bai shiga soket ba ya nemo adafta. Ina rubuta wannan a takardar, ina faɗa a waya, amma wanda na fi dogara da shi shi ne guntun kwalin da nake ɗaurewa a kan haƙoran fulogin da kansa, da "120 KAWAI" da jan maka, domin sai ya cire shi da hannunsa kafin ya iya sa wuta.